KURKUKU BA YA AMSA TAMBAYA

Jama'a, bari in faɗi abin da da yawanmu ba za su so ji ba: yadda muke tunkarar mulhidanci a Arewa, mulhidan muke yi wa talla.

Ku duba batun Mubarak Bala. A 2014 danginsa suka kai shi sashen masu taɓin hankali a Kano saboda ya ce ya bar addini. Ranar 28 ga Afrilu 2020 'yan sanda suka kama shi a nan Kaduna, suka wuce da shi Kano kan rubutunsa na Facebook. A Afrilun 2022 babbar kotun jihar Kano ta yanke masa shekara 24, a 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 5, ya fito. To me aka samu? Sunansa ya zagaye Turai da Amurka, shubuhohin kuwa suna nan cikin wayoyin yaranmu, ba wanda ya warware musu.

Kada wani ya juya mini magana. Ni Musulmi ne, kuma ba na kare ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Zagi daban, tambaya daban. Amma yaron da ya ce "Baba, me ya sa Allah Ya bar jarirai suna mutuwa?" ba zagi ya yi ba. In ka amsa masa da mari, wallahi ka miƙa shi ga wanda zai saurare shi a intanet.

Ku kuma mulhidai, kullum hujjarku ita ce addini ke kashe mutane. Mu da ke Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha ba sai an ba mu labari ba. Mun ga rikicin Shari'a na 2000 da na Miss World na 2002, mun ga yadda kogi ya zama iyaka tsakanin Musulmi da Kirista. Amma gwamnatocin Stalin a Tarayyar Sobiyet da Pol Pot a Kambodiya ba su yarda da Allah ba, kuma miliyoyi suka hallaka a hannunsu. Ashe cutar tana cikin ɗan Adam ne. Kuma Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, da suka ajiye gaba suka kama aikin sulhu a garin nan, imaninsu ne ya kai su. Kimiyyar da kuke taƙama da ita tana bayanin yadda duniya ke tafiya, amma ba ta faɗi dalilin da ya sa aka samu duniyar ba tun farko.

Sai mu. Alƙur'ani da kansa ya kawo maganar 'yan dahriyya a Suratul Jasiya, ya amsa musu. Imamul Gazali sai da ya karanci falsafa sosai kafin ya rubuta Tahafutul Falasifa. Yau malamai nawa ne ke zama su koyar da matasa wannan fanni? Raddin Izala da Ɗariƙa ya cinye lokacin.

Mafi muni, mu ma'aikata mun san mai sahun gaba a masallaci ko coci, wanda fayil ɗin fanshon tsoho ba ya motsi a teburinsa sai an ba shi na goro. Wannan mutumin ya fi kowane mulhidi korar yara daga addini.

A buɗe wa matasa ƙofar tambaya a Islamiyyu da coci-coci, a amsa musu da ilimi, mu kuma mu gyara hali. Wanda ya yarda gaskiya na hannunsa ba ya gudun muhawara.

Allah Ya shirye mu da zuri'armu. Mai raddi bismillah, amma da hujja.