Fitilar Keke: Mu Fara da Ta Baya

Damina ta kama, aikin gona ya yi yawa, mutane da dama ba sa barin gona ko kasuwa sai bayan magariba. Keke ɗauke da buhun masara a kan hanyar da babura da manyan motoci ke bi, ba fitila ko ɗaya, wannan ganganci ne. Amma samarinmu da suka iya gyaran rediyo da tocila suna iya haɗa fitila da hannunsu da kuɗi kaɗan.

Dattawa sun san dainamon da ke gogar taya. Yana ba da volt 6, amma yana sa taka keke ya yi nauyi, kuma da ka tsaya sai haske ya mutu, watau daidai lokacin da mai mota ya fi bukatar ganinka. Ƙwan LED ya sauya wannan. A 1993 Shuji Nakamura na Japan ya fito da shuɗin LED mai haske sosai, daga nan aka sami farin da ke cikin tocilolinmu yau. Wutar da yake ci kaɗan ce ƙwarai.

Mun lura yawancin samari ƙwai mafi haske suke nema. Ba mu yarda da wannan ba. Babban ƙwai mai wat 1 yana jan miliamfa 350, yana zafi, sai an manna shi a kan farantin alminiyam, kuma yana shanye batir. Ƙananan ƙwayaye masu faɗin milimita 5 guda uku sun isa hanyar ƙauye. A zaɓi masu kai mai tsini kamar harsashi, gama su ne ke tura haske gaba. Masu faffaɗan kai watsa shi suke yi, na ɗaki ne.

Ga inda ake ƙona ƙwai. Farin LED yana bukatar wajen volt 3.2 da miliamfa 20 kawai. Batir uku na tocila a jere suna ba da volt 4.5, saboda haka tilas a sa wa kowane ƙwai ɗan abin nan mai rage wuta da masu rediyo ke kira resista, mai om 68. In ba shi, ƙwan zai yi haske mai ban sha'awa na ɗan lokaci, sa'an nan ya dushe. Doguwar ƙafar ƙwai ita ke zuwa wajen kan batir mai alamar +. In an juya, ba zai kama ba. A liƙe wayoyi da dalma, kada a murɗa su kawai, domin gargadar hanya za ta kwance su. Gwangwanin madara ya isa gida, robar tsohon tib kuma ta ɗaure shi ta tsare ruwa.

Mu dai shawararmu ita ce a fara da jar fitila ta baya. Abin da ke gabanka kana iya kauce masa, amma motar da ke bayanka ba ka da iko da ita sai direba ya gan ka. Jan ƙwai volt 2 yake so, batir biyu da resista mai om 56 sun ishe shi. A ɗaura shi ƙarƙashin kariya inda buhu ko babbar riga ba za su rufe shi ba.

Ta gaba kuwa a sunkuyar da ita ta haska ƙasa kamar taki goma daga taya, kada ta kashe wa mai zuwa ido.