Sikeli Ba Likita Ba Ne

Ana ta musu wai tsoka ta fi kitse nauyi. Kilo dai kilo ne. Sai dai tsoka a dunƙule take, kitse kuwa ya fi cin wuri: litar tsoka kilo 1.06 ce, ta kitse kamar 0.9. Shi ya sa kitse ke tasowa saman romo.

To, manomin doya a Garatu, kan hanyar Minna zuwa Bida, da ƙanensa mai tumbi da ke zaman shago a Ikko, sikeli yana iya nuna nauyinsu ɗaya. Amma mai tumbin nan, da ake kira alamar arziki, shi ciwon suga da hawan jini suka fi nema. Gara ya zagaya igiya daidai cibiyarsa, kada ta wuce rabin tsayinsa.