A Ajiye Rasit ɗin Kuɗin da A Ke Aikawa Gida

'Yan'uwa mazauna Morris Heights, dattawanmu da suka zo Bronx da ƙarfinsu daga Kumasi da Nima da Tamale, yau ga shi tsufa ya cim musu. Wanda shanyewar jiki ta kama, 'ya'yansa kuwa suna wurin aiki dare da rana, tilas wata rana a yi maganar gidan jinyar tsofaffi. To, wa zai biya?

Da yawa suna zaton Medicare ce. Ita kuwa iyakarta kwana 100, bayan an kwanta asibiti kwana 3, kuma daga kwana na 21 majinyaci yana sa nasa kuɗin. Doguwar jinya sai Medicaid. In ta karɓa, fanshon mutum gidan jinya ya ke tafiya, ban da abin da a ke ware wa matarsa da ke gida. Shi kansa dala 50 aka bar masa a wata a shekarar 2024. Mai karɓar SSI kuwa, kuɗinsa na gwamnatin tarayya ya kan koma dala 30, yadda ya ke tun 1988. Ina wannan za ta kai shi? Amma in likita ya rubuta cewa zaman ba zai wuce kwana 90 ba, aka kuma nuna akwai haya da za a biya, ba a ragewa. Sai dai a kai takardar da wuri.

Abin da ya fi damunmu shi ne wannan. Kafin Medicaid ta biya gidan jinya, sai ta bincike kuɗin mutum na shekara 5 baya. Abin da ya bayar kyauta a ciki za a lissafa, a ƙi biya masa na wasu watanni gwargwadon yawansa. Mu kuwa wane ne ba ya aikawa gida? Kuɗin makarantar ɗan ƙane, na asibitin gyatuma, na biki, na sadaka. A wurinmu zumunci ne, a wurin ma'aikacin da ke duba takardun banki kyauta ce.

Doka ta bar ƙofa ga wanda ya iya nuna cewa ba don neman Medicaid ya bayar ba. Amma fa baki kaɗai ba ya isa. Saboda haka muna roƙon kowane maigida ya riƙa ajiye rasit ɗin kowane aike, ya rubuta wanda aka aika wa da dalili, ya kuma ga lauyan da ya san sha'anin tsofaffi tun yana da lafiya. Wanda ya gina gida a Gana da sunansa, lalle ya faɗa wa lauyan, gama shi ma cikin dukiya a ke ƙidaya shi.