Gara da ƙwari: ba kowane magani ake kai wa gida ba

Kaka ta yi. Hatsi ya shiga rumbu, wake ya shiga buhu. Yanzu ne gara da ƙwari suke tashi, yanzu ne kuma masu tallar magani suke cika kasuwar Filinge da ta Bankuku.

Manomi ya lura. Maganin da ya kashe ƙwaro yana iya kashe yaro, ya kashe akuya. Piya-piya da ake fesawa cikin ɗaki guba ce mai ƙarfi. Ƙwayar Phostoxin kuwa iskarta ce ke kisa. Ba a sa ta a buhun da ke ɗakin kwana, ko na dare ɗaya.

Ƙasashen Sahel suna da kwamiti a Bamako, sunansa CSP. Shi ne mai duba magani kafin ya yarda a sayar. Wanda ya yarda da shi yana da lamba a jikin takardarsa. A ƙasan takardar akwai layi mai launi. Ja, guba mai tsanani. Ruwan ɗorawa na bi masa. Shuɗi da tsanwa su ne masu sauƙi. Kwalbar da ba ta da takarda, a bar wa mai ita abinsa, kome arharta. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci ya karanta wa maƙwabcinsa.

A Amurka akwai takardar shaidar gini mai suna LEED. Ana ƙara wa gini maki in masu shi sun fara da tsabta da toshe ramu, guba ta zo daga ƙarshe. Ƙasar Kurfai ba baƙuwa ba ce a wannan hanya. A Cikal, a 1980, aka fara koya wa magina ɗaki marar itace, rufinsa na tubalin ƙasa. Ba azara, to, mi gara za ta ci a sama? Gawo da giginya ma sun huta.

Wake kuma yana da buhun PICS, da aka fara yaɗawa a Nijar a 2007. Leda biyu ne ciki, buhu ɗaya waje. A shanya wake ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaro ya rasa numfashi, ya mutu. Amma in ɓera ya huda leda, aiki ya ɓaci. Don haka a ɗora buhu bisa katako, nesa da bango, a riƙa duba shi.