Wa Zai Yi Ban Ruwa A Watan Maris?

Kowace shekara da damina ta kankama, musamman ranar 5 ga Yuni wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa muhalli, sai ka ga an kafa rumfa a Kaduna, manya sun hallara cikin manyan riguna, kowa ya dasa itace guda, an ɗauki hoto, an watse. Madalla. Amma mu tambayarmu ita ce, wa yake komawa wurin a watan Maris?

Duk wanda ya zauna garin nan ya san ruwa yakan ɗauke wajen ƙarshen Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Afrilu ko Mayu. Cikin watannin nan ɗan dashen da saiwarsa ba ta kai ga laima ba zai sha hunturu, ya sha bazara, ga gara ta ƙasa, ga awaki ta sama, ga mai ƙona shara a gindinsa. Ashe ba mamaki in an dawo baɗi aka tarar da rami da busasshen tsinke, aka sake haƙa wani a gefensa. Manyan maɗatai da mangwarorin da muke shan inuwarsu a Unguwar Rimi da kewayen Lugard Hall ba biki ne ya raya su ba, wani ne ya jure ɗawainiyarsu suna ƙanana.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. A yankin Maraɗi an daɗe ana dasa itatuwa suna mutuwa, sai daga wajen 1984 manoma suka koma ga abin da suke kira sassabin zamani, watau maimakon su sare tohon da ke fitowa daga kututture a gona, sai su zaɓi masu ƙarfi su bari, su riƙa yi musu aski. An ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta haka a Maraɗi da Damagaram ta kai kimanin hekta miliyan 5. Raino ne ya yi aikin nan, tun da ko dashen ma ba a yi ba.

Saboda haka idan ƙungiyoyin kare muhalli, irin su Gidauniyar NCF wadda aka kafa a 1980, ko ƙananan na cikin gari, suka nemi 'yan sa kai, ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci ya fara tambayarsu shirin da suka yi wa rani kafin ya karɓi riga da hula. Wasu za su ce ai aikin gwamnati ne. Gaskiya ne raba iri da kare gandun daji nata ne, amma ba gwamnatin da za ta ajiye malamin daji a gindin kowane dashe. Aikin gayya kuwa ba baƙo ba ne gare mu, da shi kakanninmu suka yi noma da gini.

Shawararmu ga ƙungiyar ɗalibai ita ce ta ɗauki wuri guda, misali bakin kogi daga lambun Gamji zuwa Kabala Doki. Mutanen wurin ba su manta da ambaliyar Satumba ta 2003 ba. Itace ba zai hana kogi cika ba, amma saiwarsa tana riƙe gaɓa kada ta zaizaye. Kowane ɗan sa kai a ba shi dashe biyu kacal, a rubuta sunansa, ya kewaye su da ƙaya ko tubali, ya kai musu bokiti sau biyu a mako. Lokacin hutu kuma, da yake yawancinmu gida muke tafiya, sai a nemi mai unguwa ya haɗa mu da samarin wurin tun kafin a haƙa rami.

In Afrilu ta zo a fita a ƙidaya, mujallar nan ta buga adadin waɗanda suka rayu da sunayen masu rainonsu.