Tsakanin Masunci da Mai Fatsar Nishaɗi: Wa Ya Fi Kama Manyan Kifaye?

Akwai wata muhawara da ta daɗe tsakanin masu sha'awar kamun kifi a Amurka da Turai, wato shin ƙwararrun da suka mayar da kamun kifi sana'a ne suka fi kama kifayen da ke shiga kundin bajinta na duniya, ko kuwa masu fatsar nishaɗi waɗanda ba sa zuwa bakin ruwa sai ranar hutu. Duk wanda ya leƙa kundin zai iske shahararrun sunayen da ke cikinsa galibi na masu nishaɗi ne. Sai dai wannan amsa tana bayyana halin kundin ne fiye da yadda take bayyana gwanintar masu kamun. Tun daga ƙa'idojinsa an rufe wa masunci ƙofa, don haka rashin ganin sunansa a ciki ba hujja ba ce ta cewa an fi shi.

Kundin da ake magana a kai na ƙungiyar IGFA ne, wadda aka kafa a shekarar 1939, kuma hedikwatarta tana jihar Fulorida ta Amurka. Ba ta karɓar kifi sai wanda aka kama da sandar fatsa da zare da ƙugiya. Mutum ɗaya ne zai yi kokawa da kifin, ba a yarda wani ya taɓa masa sanda ko ya ja masa zare ba. Bayan haka sai a auna kifin a kan sikelin da aka tabbatar da ingancinsa, a ɗauki hoto, a kawo shaidu, a aika da guntun zaren don a gwada ƙarfinsa. Kifin da ya faɗa a taru ko kalli ko birgi ba ya cikin lissafi, haka ma wanda mamari ya riƙe cikin dare, kome girmansa. Ke nan kayan aikin da masunci yake ciyar da iyalinsa da su, su ne ainihin abin da kundin ya haramta.

Labarin George Perry shi ne masu goyon bayan 'yan nishaɗi suka fi kafa hujja da shi. Saurayi ne manomi a jihar Jojiya. Ranar 2 ga Yuni, 1932, ya je tafkin Montgomery ya kamo wani kifi mai faɗin baki da Amurkawa ke kira bas, mai nauyin kilo 10.09. An auna shi a gidan waya na garin Helena, daga nan ya kai shi gida aka soya aka cinye. Tun daga lokacin dubban ƙwararru, da jiragen ruwa masu inji da na'urorin hango kifi a ƙarƙashin ruwa, suke farautar wanda zai fi wannan, ba su samu ba. Sai a 2009 wani Bajapane mai suna Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a tafkin Biwa. Da yake ƙa'ida ta ce sai sabon kifi irin wannan ya zarce na da da kimanin giram 57 kafin ya ture shi, ratar kuwa ba ta kai giram 30 ba, sai aka rubuta su kunnen doki. Abin lura a nan shi ne Perry ba nishaɗi kaɗai ya kai shi tafki ba. Zamanin karayar tattalin arziki ne, abin miya ya je nema, kuma ya fi kama da masunci fiye da attajirin da ke yawon shan iska. Abin da ya raba shi da sauran masu neman abin miya shi ne ya bi ta kan sikeli kafin ya isa ga tukunya.

Su kuwa ƙwararrun 'yan gasa na Amurka, tsarin gasarsu ne ya nisanta su daga kundin. A manyan gasannin bas, akan haɗa nauyin kifaye biyar mafi girma da mutum ya kama a yini, cikin sa'o'in da aka ƙayyade, a ruwan da masu gasa suka zaɓa. Wanda ya ɓata yininsa yana dakon ƙato ɗaya zai tashi a tutar babu, alhali abokin takararsa ya tara matsakaita biyar ya karɓi kuɗi. Mai nishaɗi ba shi da wannan matsi, yana iya shekara goma yana zarya a tafki ɗaya. Ga kuma yawa: masu fatsar nishaɗi miliyoyi ne, 'yan gasa kuwa 'yan tsiraru. Idan miliyoyin ƙugiyoyi suna cikin ruwa kullum, dole wata rana sa'a ta faɗa wa ɗaya daga cikinsu.

A teku al'amarin ya fi zama abin takaici. Kifin malin baƙi mai nauyin kilo 707 da aka kama a Cabo Blanco ta ƙasar Peru a 1953 yana rubuce da sunan Alfred Glassell, hamshaƙin ɗan kasuwar man fetur daga Amurka, kuma babu mai musun cewa ya sha kokawa da shi. Amma irin wannan farauta ba ta yiwuwa sai da matuƙin jirgi da ma'aikatansa, waɗanda su ne suka san inda kifin yake kiwo, suka san lokacinsa, suka ɗaura abin tarko, suka riƙa juya jirgi yadda zare ba zai tsinke ba. Su ne ƙwararrun gaske, amma lambar ta wanda ya riƙe sanda ce. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Idan aka fita daga kundin aka tambayi wa ya fi ciro manyan kifaye daga ruwa, amsar takan juya. A 2005 masunta a Chiang Khong da ke arewacin Tailan sun jawo wata ƙatuwar tarwaɗar kogin Mekong mai kilo 293 da raga. A watan Yunin 2022 wani masunci a lardin Stung Treng na Kambodiya ya kama kunamar ruwa mai kilo 300, wadda aka amince ita ce mafi nauyin kifin ruwan daɗi da aka taɓa aunawa. An san da ita ne domin akwai masana a yankin da suka riga suka ƙulla hulɗa da masunta. Ya kira su, suka zo da sikeli, suka auna, suka maƙala mata na'urar bibiya, suka biya shi diyya, aka mayar da ita kogi da ranta. Da babu wannan hulɗa, da an yanyanka ta an sayar, labarinta ya zama hirar bakin ruwa wadda mai saurare zai ɗauka ƙarin gishiri ne.

A nan ne muhawarar ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Giwan ruwa, wanda Sarkawa da sauran masunta suke kamawa a Kwara da Binuwai da tafkin Chadi tun kaka da kakanni, yana cikin kundin IGFA da nauyin kilo 104.32. Wani mai fatsa, William Toth, ya kama shi a tafkin Nasir na Masar a watan Disambar 2000. Amma littattafan kimiyya sun rubuta cewa giwan ruwa yana iya kaiwa kilo 200. Tazarar da ke tsakanin adadin nan biyu ita ce rabon masunta, wato kifayen da suka faɗa a taru a Yawuri ko Baga, aka sassara su da adda, aka yi banda, aka cusa a kwali aka tura kudu, ba tare da sun taɓa hawa sikeli ba. A kasuwannin kifi na bakin ruwa da ido ake ciniki, da kwando, da kashi. Masunci ba shi da dalilin aunawa, domin nauyi ba ya ƙara masa kobo a wurin dillali.

Wuri ɗaya da masunci yake samun a rubuta kamunsa shi ne Argungu. Bikin su na can ya samu siffarsa ta yanzu ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabin Argungu Muhammadu Sama, ziyarar da ta tabbatar da sulhu tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016. Akan hana su a Matan Fada har sai ranar gasa. A ranar, dubban masunta suke rugawa cikin ruwa da homa da gora, kuma cikin kimanin sa'a guda ake fitar da gwani. A 2005 kifin da ya yi nasara kilo 75 ne, a 2020 kuwa kilo 78. A ƙa'idar IGFA ko ɗaya ba zai shiga kundi ba tunda homa raga ce. To amma wanda ya nutsa cikin ruwa mai laka ya rungumo kifin da ya kai nauyin ƙaton mutum, babu jirgi babu inji, da wuya mai adalci ya ce wanda ke zaune a kan kujerar jirgi ya fi shi sanin ruwa.

Argungu ma ta ɗanɗana abin da kyauta mai tsoka take jawowa. A 2008 an ƙwace nasarar wanda ya zo na ɗaya bisa zargin cewa mataccen kifi ya shigo da shi daga wani ruwan. Amurka ta ga irin wannan a 2022, inda aka tsaga cikin kifayen wasu 'yan gasa biyu a jihar Ohayo aka iske dunƙulen dalma. Tsauraran ƙa'idojin IGFA, duk da wariyar da ke cikinsu, daga irin wannan tsoro suka fito, kuma a wannan fuska akwai abin koyi a cikinsu.

Abin da ake asara ya wuce suna da lambar yabo. Manyan giwayen ruwa galibi mata ne, kuma su ne suka fi zuba ƙwai. Raguwar girmansu ita ce alama ta farko da ke nuna cewa ruwa ya fara gajiya. Tafkin Chadi, wanda ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai. An datse Kwara a Kainji a 1968, an datse kogin Sakkwato a Bakolori da na Rima a Goronyo, ambaliyar da kifi yake bi ya hau fadama ya hayayyafa ta canza. Tsofaffin masunta suna cewa kifin yanzu bai kai na da ba, kuma wataƙila gaskiyarsu ne, amma magana ba ta tsayawa a gaban hukuma sai da adadi. Ƙasashen da masu nishaɗinsu suka shekara 80 suna aunawa suna rubutawa suna da abin nunawa. Masuntan da suka fi su kamu ba su da shi.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke Sabuwar Bussa, da sassan nazarin kifi na jami'o'in Sakkwato da Maiduguri, suna iya ajiye sikeli da abin awon tsawo da littafi a hannun Sarkin Ruwa na kowace babbar mashigar kifi, a kuma ware ɗan tukuici ga duk masuncin da ya kawo ƙaton kamu a auna kafin a sa masa wuƙa. Ba za a nemi ya saki abincin 'ya'yansa kyauta ba. Idan ana son uwar kifi ta koma ruwa, sai a biya shi kuɗinta kamar yadda aka yi a Kambodiya. A littafin kuma a rubuta rana, da wurin, da irin kifin, da kayan da aka kama shi da su, da sunan masuncin da na garinsu.