Kada ku ɗora wa fomula laifin da ba nata ba

Kwanaki wani yaron shagonmu ya naɗa kwayil na wayar tagulla, irin wanda babu ƙarfe a cikinsa sai iska, zai gyara wata rediyo. Ya zuba lambobi a manhajar lissafi ta wayarsa, ya haɗa, amma tashoshin duk suka goce daga inda suke. Nan take ya ce fomular ƙarya ce. Ni kuwa na ce a'a, kuma ga dalilina.

Da farko, wace fomula manhajar take amfani da ita? Akwai ta littafin makaranta, wadda aka yi don kwayil mai tsawo sosai. In kwayil ɗinka gajere ne, za ta zuga maka lamba. Ɗauki zagaye 5, faɗi milimita 6, tsawo milimita 6: za ta ce indoktans ɗinsa nanohenri 148 ne. Fomular da Harold Wheeler ya fitar a 1928 kuwa za ta ba ka kusan 102, kuma ita ce ta kusanci gaskiya. Kuskurenta bai cika wuce kashi 1 cikin 100 ba, muddin tsawon kwayil ɗin ya haura kashi 40 cikin 100 na faɗinsa. Sai dai da inci aka tsara ta, in ka zuba mata milimita kai tsaye ka ɓata komai.

Na biyu, awo. Yaron ya naɗa waya mai kaurin milimita 1 a jikin sukudireba mai kaurin milimita 5, sai ya rubuta 5. Alhali daga tsakiyar waya zuwa tsakiyar waya ake aunawa, wato 6. Wannan milimita ɗaya kaɗai ya sauke lissafin daga 102 zuwa kusan 75.

Na uku, fomula ba ta san tsawon ƙafafun da ka bari ba, ga shi kowace milimita ta waya tana ƙara kusan nanohenri 1. Ba ta san ƙarfen da ke kusa da kwayil ɗin ba. Shi ya sa ba ta aiki a kan kwayil na cajin da ba ya buƙatar igiya: shi a baje yake, kuma akwai ferait a bayansa.

Wani zai ce to meye amfaninta? Tana kai ka kusa, ka huta da lalube da asarar waya. Amma kusa ba daidai ba ne: kuskuren kashi 10 a indoktans yana gusar da tasha da kusan kashi 5, wato kamar megahaz 5 a zangon FM. Ragowar aikin na hannunka ne. Ka ɗan buɗe zagayen indoktans ya ragu, ka matse ya ƙaru, in ta zauna ka ɗiga kaki kamar yadda kake gani a tsofaffin rediyoyi.

Don haka ka lissafa, ka auna da kyau, sannan ka daidaita. Allah ya sa mu dace.